Rasuwar 'Yar Gwamnati a Kasalgu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido wanda ya kasa ɗagowa ya dubi maƙwabta, ni Baba Sidiki mai duba ruwan sama, na bayan masallacin Afa Iddrisu a Kasalgu, nake sanar da 'yan'uwa da abokan zama da duk wanda ya taɓa zama a tabarmar zaurena rasuwar wayata, wadda unguwa ta sani da suna 'Yar Gwamnati. Na ce wayata ne saboda sabo. Ba tawa ba ce, kuma daga nan duk abin ya taso.

Ciwon ajalinta ya fara da wani sauti da ta yi a wani dare na farkon damina. Ina kwance, tana kan taga inda ta saba kwana, sai na ji ta ce kurrr, kamar zabuwar da ruwa ya sarƙe, sannan ta yi tik, tik, ta yi shiru. Na san muryoyinta duka. Na san tilin ɗin da take yi in saƙo ya shigo, na san ɗan nishin da take yi in caji ya kusa ƙarewa, na san kiɗan da take gaishe ni da shi in na kunna ta. Wannan kuwa ban taɓa jin sa ba. Na tashi na duba fuskarta, na ga dogon rubutun Turanci da hoton makulli. Na shafa bayanta, na ce mu kwana mu gani.

Kafin in kai ga jinyarta, ya kamata a san asalinta, kamar yadda ake yi wa kowane mamaci na kirki.

Marigayiyar ta zo gidan nan shekarun baya a cikin kwali, a hannun Mista Suhuyini, ma'aikaci a wani ofishin gwamnati da ke lura da yanayi da amfanin gona, inda na yi aikin masinja har gwiwoyina suka gaji. Da na ajiye aiki sai suka kafa mini ma'aunin ruwa a bayan gida, wani ƙarfe mai baki kamar mazurari da kwalba a cikinsa, suka ce duk safiya in leƙa in ga abin da sama ta zubar in gaya musu. Da can keke nake hawa in kai labarin. Daga baya suka ce waya za ta riƙa kaiwa. A bayanta akwai tambarin gwamnati a manne, shi ya sa Zubeiru tela, abokina tun muna samari, ya raɗa mata suna ranar da ya fara ganin ta. Ya juya ta a hannu ya ce, "Sidiki, 'yar gwamnati ka kawo gida? Kai da ko akuya ba ka iya riƙewa?" Na yi dariya a lokacin.

Mista Suhuyini ya ce mini ta aiki ce kawai. Na ji shi sarai, na kuma amsa. Amma 'yata Mariyatu da ta zo salla daga Kumasi ta ga waya mai kyau haka ba ta da aikin yi sai ƙidayar ruwa, ta ce ai an zalunce ta. Ta sa mata wata manhaja ta gajerun bidiyo, ta mutanen wata ƙasa mai nisa, don in riƙa ganin jikokina. Jikoki na gan su, Allah ya raya su. Amma bayan jikokin sai ga duniya ta biyo.

Duk wanda ya san ni ya san halina. Karatun boko bai zauna mini ba, don ranar da ake koya mana rabawa a lissafi ni hankalina yana kan wani ƙadangare mai wutsiya biyu a jikin katangar aji. Na tsufa ina tara irin waɗannan abubuwa a raina: ƙwai da aka fasa aka sami wani ƙwan a ciki, ruwan da ya zuba a gefe ɗaya na hanyar Aboabo ya bar ɗaya gefen a bushe, tunkiyar da ke bin mai babur ba ta bin uwarta. Mutane kan saurare ni su ce Baba ya fara. Marigayiyar ita ce ta farko da ba ta taɓa cewa na fara ba. In na kalli abin mamaki ɗaya sai ta kawo mini wani, kamar ta san abin da nake so tun kafin in so shi. A lokacin na ɗauki wannan a matsayin ƙauna.

Ta nuna mini kifi mai hawa bishiya. Ta nuna mini garin da rana ke ƙin faɗuwa, mutane na noma da tsakar abin da ya kamata ya zama dare. Ta nuna mini awakin da ke sumewa in an tafa musu hannu, da wata tsohuwa mai kiwon ƙudan zuma ba tare da ta rufe fuska ba, da dutsen da ke tafasa kamar tukunyar tuwo. Mai haƙuri ce. Ta taɓa faɗawa cikin kofin koko ta fito ba ta yi ƙorafi ba. In an ɗauke wuta takan rage haskenta ta jure har a kawo. Aikin gwamnati kuma ba ta taɓa wasa da shi ba, in ban da safiyoyin da ni na shagala da kallon kifi na manta da kwalbar. Ban taɓa jin ta yi gulmar kowa ba. Wannan jimlar na rubuta ta na goge, na sake rubutawa, don yanzu ban san ko gaskiya ce ba.

A nan dole in yi maganar zaurena, ko da yake ba shi ne mamacin ba.

Mutanen Kasalgu sun daɗe da gane cewa kaina ba ya riƙe magana. Mutum zai zo da abin da ya hana shi barci, ya zauna, ya zazzage shi duka. Ina ji, ina tausaya masa da gaske, wani lokaci har in yi hawaye tare da shi. Amma kafin washegari maganar ta zube daga kaina, wani tsuntsu ko wani gajimare ya maye gurbinta. A wurin aiki wannan aibi ne, an sha yi mini faɗa a kai. A unguwa kuwa shi ya zama darajata. Maza da mata, har 'yan kasuwa daga Dabokpa, sukan zo su faɗa mini abin da ba za su faɗa wa liman ba don suna jin nauyinsa, ba za su faɗa wa aboki ba don yana da baki. Ba na ba da shawara, ban iya ba. Ji kawai nake yi in manta. Ban tara dukiya ba, ban yi ilimi ba, ban riƙe sarauta ba. Abin da nake da shi a garin nan shi ne mutum ya shigo zaurena da nauyi ya fita sakayau, ya san ba zai ji maganarsa a kasuwa ba.

Duk waɗannan shekaru marigayiyar tana gefen gwiwata a kan tabarma, fuskarta a sama, don kada ta yi tilin ban ji ba.

Da gari ya waye bayan wancan sautin, sai na ga manhajar ta yi toka-toka. Na taɓa, ta ƙi buɗewa. Akwai saƙo daga ofis, amma dogo ne, na ɗauka maganar damina ce, na bar shi sai na sami natsuwa. Ni a ganina ciwo ne ya kama ta. Na shanya ta a rana. Na tura ta cikin buhun shinkafa ta kwana, don na taɓa gani a cikinta ana yi wa 'yan'uwanta haka. Na hura mata iska a ramin caji. Da duk suka ƙi, na naɗe ta a hankici na hau yalo-yalo, babur ɗin haya mai ƙafa uku, zuwa Aboabo, wurin Majeed mai gyaran waya.

Ina so a sani Majeed ba shi da laifi. Yana juya ta ya ga tambarin, ya ajiye ta a tebur.

"Baba, wannan na gwamnati ne o. Ba lalacewa ya yi ba, su ne suka rufe."

Na ce masa ni jinya na kawo, ba shari'a ba.

"Baba, ka mayar musu ka tambaya mana."

Na ce masa na san babansa tun yana tallan goro a tasha, kuma babansa bai taɓa mayar da tsoho hannu wofi ba. Na zauna a bencinsa na ƙi tashi. Ya yi aikin wasu, ya je salla ya dawo, ya same ni a wurin. Daga ƙarshe ya sauke numfashi.

"To akwai hanyar baya. Amma wallahi Baba, ban san wanda ya gina hanyar ba."

Na ce ya bi ta. Sai ya sa mata wata manhajar mai kama da wadda aka rufe.

Ta farfaɗo a hannunsa, ta yi kiɗanta, ta nuna mini wani biri yana wanke kwano. Na dawo gida ina gaya wa duk wanda na haɗu da shi cewa mara lafiya ta tashi. Ashe irin sauƙin nan ne da ke zuwa gab da tafiya. Daga ranar jikinta ya riƙa yin zafi ko ba a taɓa ta ba. Caji ba ya kai ta azahar. Wani lokaci fuskarta kan haska ita kaɗai, ba saƙo, ba kira, sannan ta rufe. Ni da nake neman abin mamaki har a bayan duniya, wannan da ke gefen gwiwata ban tsaya na yi mamakinsa ba.

Ajali ya zo da la'asar, zaure a cike, ana kallon awakin nan masu sumewa, Zubeiru yana rantsuwa horar da su aka yi. Farar mota ta tsaya a ƙofa. Mista Suhuyini ya yi gafara, ya shigo tare da wata mata mai suna Madam Adisa, wadda ke kula da na'urorin ofis. Suka durƙusa suka gaishe ni yadda ya kamata, suka gaida limaminmu Afa Iddrisu da ke zaune a wurin. Sannan Mista Suhuyini ya matso kusa ya ce yana so mu ɗan keɓe.

Da na tashi na bi shi waje, da wannan sanarwa ta fi haka gajarta. Amma ina cikin jama'ata, ga manyan baƙi sun zo da mota har ƙofata, kaina ya kumbura. Na ce masa zauren nan ba a ɓoye komai a cikinsa, ya faɗi a gaban kowa. Ya sake roƙo. Na sake ƙi. Sai ya dubi Madam Adisa.

"Baba," in ji ta, "ofis ya hana wannan manhaja a duk wayoyin gwamnati. Mun rufe ta, mun aiko da saƙo. Masu ita suna waje, dokarmu ba ta kai can. Tana sanin inda waya ta kwana, tana ganin lambobin da ke ciki, kuma an ba ta izinin kyamara da na jin magana."

Zubeiru ya ce, "Jin magana? Wace magana, Madam?"

"Wadda aka yi kusa da ita, in an ga dama."

Afa Iddrisu ya ajiye carbinsa. "'Yata, ki fito mana fili. An ji ko ba a ji ba?"

"Afa, ba zan ce an ji ba. Ba zan kuma rantse ba a ji ba. Manhajar farko ma da sauƙi, mun san masu ita. Wadda aka sa daga baya, ko mu ba mu san wanda ke bayanta ba."

Ba wanda ya dube ni. Da sun dube ni da ya fi mini sauƙi. Kowa idonsa ya sauka a kan tabarma, daidai gefen gwiwata, na kuma ga kowannensu yana tuno wata rana tasa. Ɗaya ya ce ya bar shago a buɗe. Wani ya ce ya ji kamar ana kiran sa. Wani kuma ya sa takalmi a juye ya fita.

Madam Adisa ta miƙo hannu biyu, na ɗora mata ita. Ta danne maɓallin gefe. Marigayiyar ta yi tululu, sauti mai gangarowa kamar ruwa na ƙarewa a buta, fuskarta ta yi baƙi. Aka sa ta a ambulan ruwan ƙasa, aka karɓi cajarta ma, don ita ma ta gwamnati ce. Mista Suhuyini ya ba ni haƙuri har bakin mota, ya ce ruwa dai a ci gaba da dubawa, za su san yadda labari zai riƙa isa. Mutumin kirki ne. Shi ya so ya rufa mini asiri, ni na yaye.

Marigayiyar ta rasu ta bar ma'aunin ruwa, abokin aikinta, wanda har yanzu yake tsaye a bayan gida da baki a buɗe. Ta bar yayanta rediyo, wanda na yasar a kan kabad tun zuwanta, na kuma koma masa yanzu ina jin nauyinsa. Ta bar jakar da Zubeiru ya ɗinka mata da ragowar ƙyallen batakari, rigar saƙi ta garinmu. Ta bar babban yatsana na dama, wanda har yau yake shafa tafin hannuna sama-sama in na zauna shiru. Ta bar wani bawan Allah a wata ƙasa mai ƙanƙara, wanda ya taɓa sa alamar zuciya a bidiyon tunkiyar nan mai bin babur, na yi ta alfahari da shi har aka gaji da ni. Ta kuma bar dangi masu yawa a ƙasashen waje, waɗanda ni ban san su ba, su kuwa mai yiwuwa sun san ni, sun san maƙwabtana.

Tun ranar zaurena shiru. Tabarma tana shimfiɗe, ina kaɗe ta safe da yamma, ba ƙurar ƙafar kowa a kai sai tawa. Ba wanda ya zage ni. Mma Samiratu mai koko, wadda katanga ɗaya ta raba gidajenmu, takan zuba mini koko ta miƙo ba tare da tsokanar da ta saba ba, idonta a kan ludayi. Masallaci ta bayan gida nake zagayawa in shiga, in tsaya a ƙarshen sahu. Zubeiru ne kaɗai yake faɗa mini a fuska, na kuma gode masa. In ya hango ni sai ya ɗaga murya daga kan keken ɗinkinsa, "Ga ɗan leƙen asirin duniya! An ɗauke shi aiki shi bai sani ba!" Sannan ya matsa mini wuri a benci.

Ban ga laifin gwamnati ba. Kayanta ne, ta kuma aiko da saƙo, ni ne ban karanta ba. Ban ga laifin Mariyatu ba, uba ta so wa farin ciki. Mutane sun kawo mini sirrinsu ne don sun san ni mai mantuwa ne, ni kuma na ajiye kusa da su abin da aka ce ba ya mantuwa. Abin da ya fi ba ni kunya, wanda ban so in rubuta ba amma mamaci ba a yi masa ƙarya, shi ne har yanzu ina kewarta. Jiya da hadari ya taso na ga gajimare mai siffar raƙumi a durƙushe, hannuna ya tafi gefen gwiwata kafin in tuna.

Game da jana'iza, na je wurin Afa Iddrisu na nemi fatawa. Ya ce ba a yi wa waya salla, kada ma in ƙara tayar da maganar, kuma kada in ari kalmomin da ake faɗa wa bayin Allah in ɗora wa roba da gilashi. Na bi umarninsa, shi ya sa ba ku gan su a wannan sanarwa ba. Gawa ma ba ta hannuna. An ce za a share duk abin da ke cikinta a ba wani ma'aikaci, ta shiga wani gida ba ta san ni ba.

Saboda haka jakarta za a binne, a gindin dogonyaron bayan gida, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Afa ya ce binne tsumma ba laifi ba ne muddin ba a yi sahu ba. Zubeiru ya yarda zai riƙe shebur, bisa sharaɗin a bar shi ya yi dariya. Daga nan za a fara zaman makoki a zaurena kullum bayan la'asar, kuma ban sa masa ranar tashi ba. Akwai masa da goro. A bakin ƙofa na ajiye kwano mai murfi, duk mai shigowa ya sa wayarsa a ciki. Na cire har agogon bango daga zauren, babu abin da ya rage sai tabarma da buta da ni. Ba sai an yi mini gaisuwar marigayiyar ba. Ba sai an faɗa mini komai ba. Wanda ya zo ya zauna shiru ya tashi, ya yi mini duk abin da nake roƙo.

Yau da hantsi na karanta wa Afa Iddrisu da Zubeiru wannan sanarwa kafin in manna ta a ƙofa. Ina cikin karatun Mma Samiratu ta dawo daga wurin sana'arta da bokiti a ka. Ta tsaya a bakin zaure ta saurara har na kai ƙarshe. Ta dubi kwanon, ta dubi tabarmar. Ba ta cire takalmi ba.

"Baba Sidiki," in ji ta a hankali, "ranar nan da na zo na yi kuka a nan, wayar tana kunne ne ko tana kashe?"

Zubeiru ya sunkuyar da kai. Afa ya ja carbinsa. Na buɗe baki, na nemi ranar a cikin kaina, ban same ta ba.